Hannun da Na Sa a Takardar Zahari

Zuwa ga yayata Velichka,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Stoil. Allah ya sauƙaƙa masa ciwon gwiwar nan, ya sa ƙanƙara ba ta toshe muku hanyar ƙauye kamar bara ba. Na ji ƙanwarmu Rada ta yi jika, Allah ya raya. Waken da zumar da safar ulu duk sun iso. Safar ta yi mini yawa. Har yanzu kina saƙa wa ƙaton da ya bar gida shekara ashirin da shida da suka wuce, ba wannan tsohon da barikin bakin kogin Danube ya tsotse ba. Amma ina sawa, na gode.

Takardarki na karanta ta sau uku. Kin ce tunda ni ne babban mai jarrabawa a makarantar tafintocin soja, in kayar da ɗanki Zahari, don kada a tura shi Iraƙi da bataliyar bazara. Kin ce ba ki taɓa roƙona komai ba, ko lokacin da kika yi jinyar Inna ke kaɗai, ni ina can ina koyon harshen wasu. Gaskiya kika faɗa, ba ni da bakin musu. Shi ya sa ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Ba ki san abin da ɗanki ya sha a wata taran nan ba. Ranar da suka shigo aka karɓe musu harshen gida tun daga bakin ƙofa. Larabci a aji awa bakwai, Larabci a layin abinci, sannan a toshe musu kunnuwa da muryoyin direbobi da mata masu faɗa a layin burodi, su rubuta abin da suka ji. Wanda kalmar gida ta kuɓuce masa, ranar a tsaye zai ci abinci. Su ashirin suka fara, sha ɗaya suka rage. Malamarsu Madam Suhaila, tsohuwa 'yar Bagadaza da ta auri wani injiniyanmu, kullum ce musu take harsunansu sun fi na saniya kauri, wai da akuya aka ba ta da tuni ta fara karanta jarida. Amma ta ce Zahari kaɗai ne in ya zagi mutum sai ta ji kamar ta koma unguwarsu.

Aibinsa ɗaya ne, wuyansa. Kin san halinmu: mu gyaɗa kai muna nufin a'a, mu girgiza muna nufin e, duniya kuwa akasin haka take yi. A gwajin Janairu mun kafa shingen bincike a filin fareti, da hayaƙi da ihu da harbin iska. Bakinsa bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma da hayaniya ta yi zafi sai wuyansa ya koma ƙauyenmu. Alƙalami yana hannuna, Yaya, takardarki tana aljihuna. Da na ja layi ɗaya a kan sunansa, ba wanda zai ce na yi son kai.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Zuwana na farko Iraƙi, kwana biyu ban runtsa ba, wani mai motar kankana ya leƙo daga nesa yana tambaya ko ya wuce. Na gyaɗa masa kai irin namu, ina nufin ya tsaya. Shi kuwa ya taka mota. Sojan da ke kan bindiga ya yi abin da aka koya masa. Kwamiti ya zauna ya ce ba laifin kowa ba ne, har aka ƙara mini girma daga baya. Tun ranar na san tafinta ba mai juya magana ba ne kawai, rayukan mutane yake ɗauke da su daga wannan baki zuwa wancan.

To ga yadda aikin yake. Mutum huɗu bataliyar take so, kuma bi da bi ake ɗauka daga saman jeri. In na cire Zahari, na biyar ne zai tafi, wani kofur mai suna Milcho. Mutumin kirki ne, yana da 'ya'ya mata biyu, amma da an yi harbi Larabcinsa yake gudu ya bar shi. In aka kai shi shinge, ko a kashe shi ko a kashe wani saboda shi. Shi ma uwa ce ta haife shi, Yaya, sai dai ita ba ta da ƙane a kwamitin jarrabawa.

Don haka sai na kama ɗanki. Mako uku, kullum bayan abincin rana, ina tsayar da shi da kofin ruwa a ka, ina jefa masa tambayoyi ina daka masa tsawa, ya amsa da baki da hannu kaɗai. Kwanakin farko a jiƙe yake komawa aji, abokansa suka raɗa masa Agwagwar Kawu. Wata rana yana matse riga ya ce mini, da Larabci don kada ya karya doka, wai ya san kin rubuto mini, don ya ga safar ya gane saƙarki. Ya ce in ya faɗi da gaske zai haƙura, amma in na kayar da shi da ƙarya, kada in sake jiran ya kira ni Kawu. Ya ƙara da cewa ke za ki yafe mini cikin shekara goma, shi ko a ɗari ba zai yafe ba. Na ce masa marar kunya, ya ɗauki kofinsa.

Ranar Alhamis aka yi jarrabawar ƙarshe. Na gaya wa Kanar, shugaban makarantar, cewa Zahari ɗan yayata ne, na nemi Madam Suhaila da wani hafsa su ba da maki, ni in tsaya gefe. Wuyansa bai motsa ba ko sau ɗaya. Shi ya zo na ɗaya. Hannuna ne na ƙarshe a takardar, kuma na sa.

Ba zan yi miki alkawarin zai dawo ba, wannan na Allah ne. Waɗanda suka shirya yaƙin nan ba su shawarce ni ba, 'ya'yansu kuma ba sa cikin ajina. Abin da na iya shi ne in tura wanda ya fi iya fitar da kansa da mutanensa da rai, sai ya zama naki ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma na san wannan ya wuce saɓani.

An ba shi hutun kwana biyar, zai iso da motar safe ranar uku ga Maris. Ina roƙonki kada ki ɓata kwanakin nan wajen kuka da ambaton sunana. Ki soya masa wainar dankalin nan taki, ki zaunar da shi kusa da murhu, ki yi ta yi masa hira da harshen gida har ya ƙoshi. Fushin ki ajiye mini, ina nan, ba inda za ni. Bikin Ista ba zan zo ba sai in ke kika ce in zo.

Ki gaishe mini da Stoil, da Rada da jikanta, da maƙwabciyarmu Baba Tsveta in har tana gane mutane. Allah ya tsare mana Zahari, ya tsare wanda duk zai tsaya a gabansa.

Ƙanenki, in har kina da ƙane,
Nedyalko