Umma ba ta iya kiran sunan ɗanta, kuma alƙali zai tambaya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida, admin don Allah a ɓoye sunana. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji ba na ɗaga hannu, amma abin nan ya tsaya min a wuya, don Allah ku ba ni shawara.

Shekarata goma sha shida, muna zaune a Ardwick, nan ƙasar Turawa, ni da Baba da Umma da ƙanena, mafaka muke nema. A gida Baba yana shiga rediyo yana magana a kan wani babban ɗan siyasa na garinmu, sai wata rana da la'asar wasu mutane suka zo nemansa, ba su same shi ba, suka tafi da yayana. Ina tsakar gida lokacin, na ga komai, har takalminsa ɗaya da ya faɗi a bakin zaure. Har yau ba mu san inda yake ba.

Yayan nawa shi ne ɗan fari, kuma sunan kakanmu aka sa masa, shi ya sa kowa Abba yake ce masa. Umma kuwa kun san alkunya, tunda aka haife ni ban taɓa jin sunansa na yanka a bakinta ba, ko Abban ma da ƙyar, yawanci "yaron nan" take cewa.

An ƙi karɓar takardunmu, an ce labarin Baba da na Umma bai zo ɗaya ba. Ni nake raka Umma wajen lauya don in fassara mata, to ranar lauyar tana karanta mana dalilan, sai na ji ta ce Umma ta faɗa a intabiyu cewa mijinta aka kama, alhali Baba ya ce shi ba ya gida. Umma ta rantse ba ta faɗi haka ba. Na tambaye ta a hankali me ta ce, ta ce "cewa na yi sun tafi da Abba." Nan na gane, tafintan da aka sa mata a intabiyun ya ɗauka uba take nufi, haka ya juya musu. Na yi wa lauyar bayani, ta ajiye biro ta daɗe tana kallona.

Na ɗauka shi ke nan an warware, ashe da saura. A cikin dalilan an rubuta cewa an yi ta tambayar Umma sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai, ta ƙi kallon mai tambayar, ta ƙi faɗa, kuma ba ta yi kuka ba. Su a wajensu uwar da aka ɗauke wa ɗa ba ta yin haka. Ni kuwa na san yadda take murza bakin mayafinta har zaren ya fita idan ana maganarsa.

Mun ɗaukaka ƙara, wata mai zuwa za a zauna a Birmingham, don can aka fara sauke mu. Lauyar ta ce za ta rubuta bayanin al'adarmu, amma alƙali zai so ya ji da kunnensa. Ko dai Umma ta kira cikakken sunan da bakinta, ko ni in ba da shaida tunda ina wurin. In muka faɗi wannan karon, ta ce hanyar da ta rage mana kaɗan ce.

Da muka dawo gida rigima ta tashi. Baba ya ce shi da ya sha tambayoyin nan sai da ya yi sati ba ya cin abinci, ba zai yarda a tsayar da 'yarsa a yi ta juya ta ba, ɗa ɗaya da maganarsa ta jawo wa ya isa. Ya ce Umma ta daure, suna ne kawai. Umma ta ce ba suna ne kawai ba, ita ta sa a ranta ranar da za ta kira shi da sunan nan ita ce ranar da aka ce mata ya rasu, kuma ba wanda ya ce mata haka tukuna. Baba ya ɗauki jaket ya fita, ko lema bai ɗauka ba.

Ni ma tsoro nake ji. Kullum a bas ina maimaita abin da zan faɗa, da na tuna za a ce in kalli alƙali ido cikin ido sai komai ya gudu. Kuma ban taɓa tsallake maganar Baba ba.

Jiya da na dawo daga makaranta na tarar Umma a kicin ta buɗe famfo, ba kwano ko ɗaya a gabanta. Ba ta ji shigowata ba. Gwada kiran sunan take yi. Harafin farko take fitarwa ta tsaya, ta sake, ta tsaya. Na koma da baya na zauna a matakala har ta rufe ruwan.

Lambar lauyar tana wayata. In kira ta in ce zan tsaya, ba da sanin Baba ba? Ko in yi shiru in bar Umma ta ci gaba da buɗe famfo? Iyaye mata na gidan nan, ku da kuka san nauyin sunan ɗan fari, in ku ne, wanne za ku so 'yarku ta yi?