Kada Ka Shafa Mai Yau

Baban Bilkis,

Na tafi Doma sarin doya. Na ga ka koma barci bayan asuba, shi ya sa ban tashe ka ba. Kunu yana cikin fulas.

Yau ƙarfe goma ne gwajin jijiyoyin hannun nan naka da ke sagewa. Ka yi wanka da sabulu kawai, kada ka shafa komai. Ka tuna ranar Talata, ka lafta man kaɗanya da man zafi har gwiwar hannu. Ma'aikaciyar tana manna maka wayoyin na'ura suna sulɓewa, har ta tambaye ka ko soya ka za a yi. Haka muka dawo ba gwaji. Kada ka wahala da neman kwalbar, tana cikin jakata. Wadda ka ɓoye a ƙarƙashin katifa ma na tafi da ita.

Sun ce wutar 'yar kaɗan ce, zut kawai za ka ji, allurar kuma siririya. Mutumin da kullum yake ba mu labarin ya kama kunama da hannu ai ba zai tsorata ba.

Ƙaninka Mu'awiya zai kai ka. Kada ka tuƙa babur da hannun da ba ya jin birki.

Na san za ka ce sanyi ne kawai, zai wuce. To, ranar Talatar, a cikin keke napep, na riƙe hannun nan tun daga ƙofar asibiti har gida. Ba ka ma sani ba.

Ka je, don Allah.

Rahmat