Kawu Ya Hana Ni Kashe Ruwan

Daren Laraba, tsakiyar Yuli

Yau ma ko ɗigon ruwan sama. Kawu Ila ya iso daga Gaffati da la'asar. Binnen hatsin da ya yi ya ƙone a ƙasa, bijiminsa ma ya sayar.

Da wuta ta dawo na kunna gem ɗina na wasan golf a tele don in guje wa zancen. Matsalar tana nan: da ruwan sama ya sauko a cikin wasan sai hoton ya riƙa tsinkewa, ƙwallo ta maƙale a iska. Na shiga reglaj, wurin saita wasan, zan kashe ruwan, ko ya koma hoto sittin a sakan.

Kawu ya riƙe mini hannu. "Me za ka taɓa?"

"Ruwan ne ke masa nauyi, Kawu. In na cire sai ya tafi sumul."

"Kai, ɗan nan! A samu ruwa a kore shi? Bar shi ya yi ta tsinkewa."

Na ajiye manet, abin sarrafa wasan. Ya daɗe yana kallon ciyawar filin golf ɗin, kore shar har bakin tafki. Sai ya tambaye ni a hankali, me ya sa ba a saki ko akuya ɗaya a ciki ba.