Sirdin Lukmanu Mai Tsaga

Asabar, 31 ga Agusta, 2013

Lukmanu ya dawo daga kwas ɗin da ofishinsu ya tura shi Jamus. Yau ya fito hawan keke tare da mu da wani sirdi da aka tsage wa tsakiya, doguwar tsaga daga baya har kusa da hanci, mutum zai iya zura yatsu biyu. Mu takwas ne, shida suka jingine kekunansu suka zagaye nasa kamar an kawo jariri. Har Alhaji Wakili, babbanmu, wanda yabo ke yi wa wuyar fita, ya durƙusa yana leƙawa. Ni na tsaya gefe ina ɗaure hular kwano.

Na ce, "Lukmanu, rabin sirdi aka sayar maka? Ina suka kai sauran?" Aka yi dariya. Da na ga dariyar ta karɓu sai na ƙara da cewa ai irin wannan na mata ne. Shi ma ya dara, amma kaɗan. Ya ce, "Yaya Manniru, jijiyoyin ƙasa yake sauƙaƙa wa." Haka ya faɗa a gaban Alhaji, ko kunya babu.

Ni na kawo mutumin nan harkar keke. Shekara biyu da suka wuce ya zo da tumbi da takalmin ofis, tsohon kekena na ba shi aro har wata huɗu. Yau a tudun hanyar Bwari ya wuce ni a zaune, ko ɗagowa bai yi ba.

Lahadi, 1 ga Satumba

Abin nan ya dawo. Bari in rubuta shi a nan tunda babu wanda zan iya gaya wa. Da mun yi kamar kilomita arba'in sai ƙasana ya mutu murus, kamar an yi mini allurar kashe zafi a inda ba a faɗa. Jiya har bayan isha'i bai saki ba. Ya fi shekara ina fama.

Shi ya sa nake miƙewa a kan feda duk bayan 'yan mintuna. Su kuwa sun ɗauka dabara ce. In na miƙe duk su miƙe a bayana, har suna suka sa masa, wai tashin Manniru. Ban taɓa gyara musu ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Lukmanu ya sa hoton sirdin a zauren wayarmu na 'yan keke. Mutum biyar sun yaba. Sirdi fa!

Asabar, 7 ga Satumba

Alhaji Wakili ya tsayar da ranar tafiyar Abaji: biyar ga Oktoba. Ita ce babbar tafiyarmu ta shekara, kilomita ɗari da ɗoriya, bas tana bin mu a baya da ruwa, ita ke dawo da mu. Shekara uku ni ke jan gaba, ni ke fara shiga gari. Yau da aka tambaya sai Alhaji ya ce, "Bana muna da Manniru muna da Lukmanu, hanya za ta zaɓa."

Hanya za ta zaɓa. Tun yaushe?

A ma'aikata shekara bakwai ina mataki ɗaya, waɗanda na koya wa rubuta takarda sun tsallake ni, na haɗiye. Kwas ɗin waje ban taɓa leƙawa ba. Abuja kowa gini yake yi, kowa ya canza mota, ban ce komai ba. Wuri ɗaya nake da shi a garin nan da nake gaba, shi ne kan kwalta ranar Asabar da safe. Shi ma za a karɓe da sirdi mai huda.

Lahadi, 8 ga Satumba

Zakiyya ta tsare ni bayan karin kumallo. "Baban Kauthar, laifi nake yi maka ne duk ranar Asabar? Ka dawo ka juya mini baya, Lahadi ma haka." Na ce gajiya ce. Ta dube ni ta kwashe kofuna. Shekara tara da aure, na kasa gaya wa matata.

Talata, 10 ga Satumba

Na duba irin sirdin a kwamfutar ofis, na rufe da sauri da aka turo ƙofa, kamar wani abin kunya nake kallo. Wasu sun ce yana taimakawa, wasu sun ce gefen tsagar ma ciwo yake ji musu. To ashe ba kowa ba. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Ko da yana aiki ma, da wane bakin zan saya? Ni na ce na mata ne, a gaban mutum bakwai.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na samo mafita da kaina. 'Yan acaba wuni suke yi a zaune, wa ya taɓa jin sun koka? Direban ofishinmu ya kwatanta mini wani Abraham a Jikwoyi, mai ɗinka kujerun babura. Bayan an tashi na kwance sirdina na bi cunkoson Nyanya na kai masa.

Ya juya shi a hannu yana girgiza kai. "Oga, wannan kujera ba ta da nama sam. Wa ya sayar maka? Zan sa masa soso biyu, ka zauna kamar darakta." Na ce ya sa uku. Ya rufe da baƙar leda, ya yi ɗinki mai kyau. Ban tafi Jamus ba, na gyara abina.

Asabar, 14 ga Satumba

Wayyo.

Tun kafin mu tashi Alhaji ya ce, "Manniru, fasinja za ka ɗauka ne?" Aka kwashe da dariya. Lukmanu kaɗai bai yi ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya matso ya rage murya, "Yaya, soso in ya yi yawa ƙashi nutsewa yake, sai tsakiyar ta turo sama…" Na ce masa lokacin da na fara hawa keke bai san hanyar Abuja ba. Ya koma wurin kekensa.

Kilomita goma na farko na ji kamar a falo nake. Kafin ashirin wurin ya mutu, mutuwar da ban taɓa ji ba. Na yi ta miƙewa, bayin Allah suna ta miƙewa a bayana har Alhaji ya yi haki ya ce, "Kai, yau horon soja ne?" Lukmanu yana zaune abinsa, ƙafafu na juyawa. Na bi bayansa da kallo har na kusa faɗawa rami.

Abin da ya faɗa ne ya faru, daidai. Na tsani hakan.

Litinin, 16 ga Satumba

Sai yau da azahar ya saki. Na tsorata.

Asabar, 21 ga Satumba

Ban fita ba. Na ce musu baƙi muka yi. Lukmanu ya kira sau biyu, ban ɗauka ba. Da yamma aka sa hotuna, yana gaba.

Laraba, 25 ga Satumba

Na koma Jikwoyi. Na ce wa Abraham ya cire soson, ya yanke mini tsakiyar sirdin har robar ƙasa, sannan ya mayar da leda a kai yadda ba wanda zai gane akwai rami. Ya ajiye almakashi ya dube ni. "Oga, ka ce in cika, na cika. Yanzu in yanke? Wannan roba shi ne ƙashin bayanta fa. In na yanke, ba ruwana." Na ce na ji, yanke.

Da zarto ya yi. Daga waje sirdi lafiyayye, na maza. Na danna da yatsa, ledar ta lotsa. Na yi ta murmushi ni kaɗai a mota.

Asabar, 28 ga Satumba

Kilomita hamsin. Mutuwar ta ragu, gaskiya ta ragu, sai dai gefen da aka yanke yana cizo kuma sirdin yana wani ƙara in na taka da ƙarfi. Na riga Lukmanu hawa tudun Bwari da tsawon keke ɗaya. Ya ce, "Yaya ya dawo!" yana dariya har zuciya. Me ya sa ba ya jin haushi? Da zai ji haushi da na samu sauƙi.

Asabar, 5 ga Oktoba

A tsaye nake rubutun nan.

Mun tashi bayan asuba. Har Gwagwalada ina gaba. Har Kwali ina gaba, cinyoyina sun saɓule amma ina gaba, ina jin numfashin Lukmanu a bayana. Bayan Kwali da kaɗan wata tirela ta matse mu, na sauka gefen kwalta na daki wani tudu. Sai ji na yi ƙas! Sirdin ya rabe biyu a ƙarƙashina, hancin ya karkace. Allah Ya kiyaye ban faɗi ba.

Aka tsaya. Ledar ta yage, ga ramin Abraham a fili, da sawun zarto. Alhaji Wakili ya duba, ya dube ni. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi. Wani ya ce a sa kekena a bas in huta. Shekara uku ina shiga Abaji a gaba, bana zan shiga a kujerar bas tare da jarkokin ruwa.

Lukmanu ya je bas ya buɗe jakarsa ya dawo da wani abu a leda. Sirdi ne sabo, irin nasa, ko kwalinsa ba a cire ba. A jikin kwalin an rubuta da biro: Yaya Manniru. Ya tsuguna ya kwance nawa ya ɗaura wannan, yana aiki kansa a ƙasa.

Na ce, "Aro ne." Ya ce, "To, Yaya."

Ƙafata ta riga ta yi sanyi, saɓulewar tana zafi. Shi ya ja mu sauran hanyar, ni ina manne da tayarsa yana tare mini iska. Shi ya fara shiga Abaji.

Da muka zauna cin abinci ya ja ni gefe. Ya ce shi ma wata takwas ya yi yana fama da abin, bai faɗa ba, don yana ganin ni ƙarfe ne, kada in ce ragon almajirina. A shagon keke a can Jamus ne wani dattijo ya zaunar da shi a kan kwali har ya lotsa, ya auna faɗin ƙasusuwan zamansa, ya tambaye shi ko yana yawan miƙewa. Shi kuwa da alfahari ya ce eh, malaminsa ne ya koya musu, duk minti biyar. Dattijon ya ce, "To malaminka ya fi ka jin ciwo."

Lukmanu ya ce, "Shi ne na sayo biyu. Ranar da na dawo yana cikin motata, na zo in ba ka a gaban kowa. Sai ka ce na mata ne."

Mako biyar yana yawo da shi. Na ce masa shinkafar ta yi gishiri. Abin da na iya faɗa ke nan.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Wurin bai mutu ba. Kilomita kusan arba'in a kansa, bai mutu ba. Ƙasusuwan zama dai sun yi tsami, don haka kada a ce abin mamaki ne.

Na gaya wa Zakiyya. Bango nake kallo har na gama. Ta ce, "Shekara guda? Ni ina nan ina tunanin ni ce." Ta yi kuka, sannan ta yi mini faɗa, sannan ta ce ranar Talata za mu ga likita ko ina so ko ba na so.

Asabar, 12 ga Oktoba

Likita ya ce in huta mako biyu, kuma in daina jarumtar banza. Don haka ban hau ba, na dai bi su da mota, ruwa kawai na kai musu.

A tudun Bwari na ga mutum uku sun miƙe a kan feda a tare, wani yana kiran "Tashin Manniru!" Da aka tsaya na ce musu wanda duk ke jin ƙasansa na mutuwa ya daina ɓoyewa, ba dabara ba ce, ciwo ne. Can sai Alhaji Wakili ya yi gyaran murya ya tambayi Lukmanu, wai wani abokinsa ne ke son sanin yadda ake awon nan na kwali.

Sirdin har yanzu aro ne, ban ce na karɓa ba. Lukmanu ya fi ni hawa tudu, wannan ma na bana ne kawai.

Da yamma Zakiyya ta tsinci kwalin taliya a bayan ƙofa da lotsawa biyu a jiki, ta tambaya ko ta zubar. Na ce ta bar shi. Gobe zan kai wa Lukmanu ya duba mini ko na auna daidai.