Ki Huce wa Baba Kunun

Yaya Qiaolian,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba? Ya Inna da jinya? Mu nan Urumqi lafiya lau, sai gajiyar aikin gini.

Kin ce har yanzu gyambon ciki kuke ce masa, ba ciwon dajin maƙogwaro ba. To, ku ci gaba. Amma ya sani, shiru kawai ya yi kamar kullum. Mutumin da ƙaninsa ya cinye masa gona, ya tsuguna a ƙofar gida ya shanye kunun gero yana tururi, bai ce uffan ba! Likita ya ɗora laifin a kan abinci mai zafi, Inna ta ce baƙin cikin da yake dannewa ne. Ni dai na gaji da tunani.

Ki riƙa huce masa kunun. Ki tsokane shi ya yi faɗa, ko da zagi ne.

Ni kada ki damu. Burodi ne ke ɗan tsaya min a ƙirji, sai na kora da ruwa. Jiya shugaban aiki ya ci mutuncina, abokina Dezhu ya ce, "Kai, ba ka da baki ne?" Murmushi kawai na yi, na ɗauki kununa.

Kada Inna ta ji maganar burodin.

Ƙaninki,
Baoshun