Hajiya, Ki Dubi Allah Ki Karɓi Kuɗinki

Zuwa ga Hajiya Balaraba, uwar ƙungiyar mata 'yan atamfa ta Zangon Kwatano, uwar ɗakina, rumfa sha shirgi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki, da direbobin motocinki masu hawa arewa. Allah ya ƙara girma.

Ni ce Rabi 'yar Argungu, mai rumfar atamfa a kasuwar Misebo. Kin san ni, Zango ma ta san ni, tun da babu taron da za a tashi ba ki nuna ni da yatsa kin ce ga wadda kika ɗaga ba. Na sa an rubuta wannan takarda, na kuma roƙi a karanta ta a taron ƙungiya, don na gwada faɗa miki a ɗaki har bakina ya gaji. Na sha jin ana kai ƙarar wanda ya ƙi biyan bashi. Ni tawa ƙarar ta sha bamban: wadda take bi na ce ta ƙi karɓa, ni kuwa ina son in tafi gida in ga mahaifiyata tun tana gane ni.

Na ɗaya, alherinki. Ba zan ɓoye shi ba, ko na so ɓoyewa ma kin riga ni shelanta shi. Daminar da ruwa ya shiga ɗakin ajiyarmu ya jiƙa mini kaya kaf, shekara guda bayan rasuwar maigidana, na zauna a bakin rumfa ina kallon atamfa tana zubar da launi a kwata. Ke kika aiko aka kira ni. Kika ƙirgo sefa miliyan huɗu kika zuba mini a zane, ba takarda, ba jingina, ba ruwa. Kika ce, "Rabi, je ki tashi, ranar da Allah ya hore ki kawo." Wallahi na yi kuka a ranar, kuma har gobe in na tuna sai idona ya kawo ruwa. Abin da ban sani ba shi ne ashe ranar da Allah zai hore ɗin, ke ce za ki sa ta.

Na biyu, tsabar kuɗi. Shekara uku ina tarawa. Na daina adashe, na daina ankon biki, ɗan kunnen zinarina na aure ma ya tafi. Da suka cika, bayan ƙaramar sallar bara, na ƙulle su a jaka na hau zem, acaɓan garin nan, na zo gidanki. Kika dubi jakar kamar na kawo miki mushe. Kika ce bashin hannu da hannu, a al'adar iyayenki da suka kafa Zango, sai a gaban waɗanda suka shaida bayarwa ake mayar da shi. To, madalla da al'ada. Shaidun biyu ne: Inna Delu, Allah ya ji ƙanta, ta riga mu gidan gaskiya, sai ƙanwarki Hajiya Ƙarama, wadda in ba ta Lome to tana Dubai. Ranar da ta dawo na sake ɗauko jaka, kika ce ai yau akwai baƙi, ba a maganar kuɗi a gaban baƙi. Kika miƙo mini ludayi. Na shiga da miliyan huɗu, na fito da ƙaurin hayaƙi da jakata yadda na kawo ta.

Tun da maganar ludayi ta zo, bari in gode miki da matsayin da kika ba ni. Suna, biki, walimar dawowa daga Makka, saukar karatu, har taron direbobi, duk waina da miyar taushen Rabi ake ci. Ban taɓa cewa a'a ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma Hajiya, askin nan ya kai shekara huɗu, kan ma ya fara jini. Ranar kasuwa ina rufe rumfa in zo in tsaya a bakin murhu, in an gama ci a kira ni tsakar gida, hannuna duk ƙullu, ki dafa kafaɗata ki ba baƙi labarin ruwan da ya ci ni. Su ce Allah ya saka wa Hajiya. Ni ma in ce amin.

Na uku, caki. Wata maƙwabciyata a kasuwa ta ce in daina yawo da kuɗi a jaka kafin ɓarayin kasuwar Dantokpa su ji ƙamshinsu. Na je banki a unguwar Begame na buɗe asusu, abin da ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni. Madam ɗin banki ta koya mini inda zan sa hannu. Na rubuta miki caki na miliyan huɗu cif, na kawo ranar taron ƙungiya don a samu shaidu rututu. Kika karɓa, kika ɗaga shi sama, mata suka yi guɗa. Na koma gida na yi nafila, na kira ƙanena Sani a Argungu na ce ya faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, ina tafe kafin azumi.

Mako ya wuce, wata ya wuce, kuɗi na nan a asusu ko ƙwandala ba ta motsa ba. Da na zo gaishe ki sai ga cakina a falonki, cikin kabad ɗin gilashi, tsakanin tangaran ɗin Makka da hoton aurenki. An kai shi wajen masu hoto sun manne shi da leda, sai sheƙi yake yi. Kika ce ai wannan abin tarihi ne, jikokinki za su gani su san kakarsu ta taimaki bayin Allah. Tabɗi! Na koma banki na tambaya, madam ta riƙe baki, ta ce cakin da aka gasa cikin leda sai dai kallo. Ta kuma gargaɗe ni kada in taɓa kuɗin, don muddin takardar tana hannunki magana ba ta mutu ba. Kin ga ke nan kuɗin ba nawa ba, ba naki ba. Banki ne kaɗai ya ci riba, duk wata yana yankar na ajiya.

Na huɗu, turawa ta banki. Nan ne na ɗauka na yi dabara. Lambar asusunki tana jikin rasit ɗin kuɗin ƙungiya, na kwafa na kai, na cike takarda, aka tura. Wayata ta yi ƙara, saƙo ya ce kuɗi sun isa. Hajiya, a bakin bankin nan na yi rawa, ni da girmana, har mai gadi ya yi dariya. Kwana biyu wayar ta sake ƙara. Miliyan huɗu sun dawo, da ƙarin dubu hamsin a kai. Kika aiko jakadiyarki Ta-Annabi ta same ni a rumfa, ta faɗa da ƙarfi don layi ya ji: wai Hajiya ta ce ita ba bango ba ce da za a jefo mata kuɗi ta baya a gudu, dubu hamsin kuwa tukwicin ƙoƙari ne. Na je biyan bashi na dawo da sabon bashi. In akwai malamin lissafin da ya taɓa jin irin wannan, a nuna mini shi in kai masa goro.

Na biyar, kuma shi ne dalilin takardar nan. Mahaifiyata ta haura tamanin. Tun bara ta kwanta, matar ƙanena ce ke juya ta, ita ma da goyo. Rabona da ita tun kafin ruwan nan. Za ki ce wa ya riƙe ni? Ke ma kin sani. A Zango, macen da ta ɗaure kaya da bashi a kanta ba tafiya ta yi ba, gudu ta yi. Motocin da zan hau naki ne, direbobin yaranki ne, kafin in tsallaka iyaka labari ya riga ni isa Argungu cewa Rabi ta cinye kuɗin uwar ɗakinta ta tsere. Ɗana yana koyon aiki a garejin Seme, a nan zai zauna da wannan suna. Mahaifina har ya koma ga Allah ba a taɓa tsayawa a ƙofarsa ana sallamar bashi ba, ba kuma ni zan fara jawo masa ba.

Na yi ta juya abin a raina, ko me Hajiya take tsoro? Ba kuɗi kike buƙata ba, wannan ko makaho ya shafa ya ji. Ina jin kin fi son Rabi mai bashi da Rabi 'yar'uwa, don mai bashi ba ta cewa ta gaji. Abin ya yi mini ciwo, Hajiya, don da kin karɓa tun ranar farko, da na ci gaba da yi miki waina har ƙarfina ya ƙare, da farin ciki kuma.

Ga roƙona, a gaban matan da ke sauraro. Ki sa rana, kowace rana, ki kira duk shaidar da kika ga dama, rayayye dai. In tsaba kike so, zan ciro in kawo a zane kamar yadda kika ba ni. In caki ne, zan rubuta sabo, wancan na kabad ki riƙe shi, na bar wa jikoki. In turawa ce, ki bari su kwana uku a asusunki ko sa saba da wurin. Dubu hamsin ɗinki suna nan a ƙulle, ban taɓa ba. Abu ɗaya nake nema a bakinki, ki ce a gaban mutane, "Rabi ta biya." In watan nan ya mutu ban ji ba, zan tafi haka nan, a kira ni duk sunan da aka ga dama, takardar nan ita ce shaidata.

Ba na son in yi miki rashin kunya, ke uwa ce. Amma ina da wata uwar. Da, in na kira waya, Inna takan ce, "Rabi, yaushe za ki zo?" in ce sai na sallami Hajiya. Ranar Juma'ar da ta wuce Sani ya kara mata wayar a kunne, na gaishe ta, na sake gaishe ta. Sai na ji tana tambayarsa wace ce wannan baiwar Allah mai kuka.

Allah ya ƙara miki arziki da lafiya, ya tsare motocinki a hanya. Allah ya karɓi alherin da kika yi mini, ya sa ranar da kika kai naki gabansa a karɓa tun zuwan farko. Allah ya sa 'ya'yanki su same ki kina gane su.

Wassalam.

Taki mai biyayya,
Rabi 'yar Argungu,
Misebo, Kwatano.