Masu Aron Sunan Shugaban Gwanjon Citta

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta masu sayar da citta a gwanjo, Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyalinka, da sauran 'yan kwamiti. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi.

Sunana Saratu Bulus, daga Madakiya. Na koyar a firamare har na yi ritaya, yanzu noman citta ne abincina da na jikokina. Ka san fuskata, domin ina cikin waɗanda suka shiga ƙungiyar nan tun farkonta, jim kaɗan bayan an cire Katsina daga Jihar Kaduna. Na zaɓi in rubuto maka a fili ne, inda kowa zai karanta, saboda na kai maganar nan ofis an ce kwamiti ya riga ya rufe ta, alhali kuwa abin da ya jawo ta bai tsaya ba.

Zan fara da abin da ba wanda zai ƙwace maka. Kafin ka kawo tsarin gwanjo, mu manoma a bakin hanya muke sayar da cittarmu. Mu haƙa, mu wanke, mu tsaga, mu shanya har bayanmu ya ƙage, sannan ɗan baranda ya zo ya damƙi buhu ya faɗi abin da ya ga dama. Kai ka nemo mana sito kusa da tashar jirgin ƙasa. Kai ka ce a auna kayan kowa a gabansa, a ba shi rasit. Kai ka riƙa aika wa manyan masu saye na Legas da Kano da Anaca bayanin abin da ke ƙasa, su kuma su aiko da tayinsu a rufe cikin ambulan, a buɗe a gaban jama'a, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A shekarun rikici, lokacin da ba kowa ke shiga shagon kowa ba a garin nan, sitonka ne wurin da Bajju da Bahaushe da Ibo suka ci gaba da zama a benci ɗaya suna jiran awo. Ban manta ba.

Ga abin da ya same ni bara, bayan Kirsimeti. Na kai buhu goma sha takwas sito, na karɓi rasit, na koma gida ina jiran ranar buɗe tayi. Sai ga wasiƙa a akwatin gidan waya na majami'armu, wanda da shi na yi rajista. Takardar mai kan ƙungiya ce, da hatimi, da sa hannunka a ƙasa. Ta ce wani babban mai saye daga Legas ya taya kayana da daraja kuma yana gaggawa, don haka in sa hannu a bayan rasit ɗina in aika zuwa wani akwati a Kaduna, wai sabon ofishin biyan kuɗi na ƙungiya. Ta ƙara da cewa wanda ya yi jinkiri za a cire kayansa daga gwanjon bana.

Kowa ya san dokarmu: wanda ya zo da rasit mai sa hannun mai kaya a baya, shi ake buɗe wa sito. Amma na ga sunanka, hankalina ya kwanta. Na sa hannu na aika, har na shiga zumuntar mata na ba da shaidar godiya.

Ranar Lahadi na shigo Kafanchan gaida wata 'yar'uwa marar lafiya. A hanya na haɗu da Madam Nkechi, 'yar ƙungiyarmu, wadda mahaifinta ya yi aikin jirgi aka haife ta a nan. Ina ba ta labarin sa'ata, sai ta tsaya cak ta riƙe hannuna.

Ta ce, "Mama Saratu, ni ma an kawo mini wannan takarda. Wai an taya kayana. Wane kaya? Bana ko buhu ɗaya ban sa a sito ba. Wannan abu shi ba gaskiya ba ne. Zo mu tafi wurin Alhaji yanzu yanzu."

Ni kuwa na riga na aika rasit ɗina. Cittar nan ita ce kuɗin makarantar yara uku, ita ce kuma irin da zan saya in sake shukawa. Madam Nkechi ta ja ni kamar ƙaramar yarinya har ƙofar gidanka.

Mun same ka da baƙi, an ajiye abinci. Ka karanta takardar a tsaye. Na ga fuskarka ta canja, amma ba ka yi mini faɗa ba, ba ka ce yaya tsohuwar malama za ta faɗa wannan rami ba. Abin da ka ce shi ne, "Malama, wannan ba hannuna ba ne, amma ya yi kama da shi ƙwarai. Ko ni aka aiko wa sai na duba sau biyu." Maganar nan ta tsayar da hawayena. Lokacin ana tsananin wahalar mai, ka sayi na bumburutu ka zuba a babur, ka bar baƙinka ka nufi sito. Ka karɓi makulli daga hannun mai gadi, ka ce daga ranar ba buhun da zai fita sai mai shi ya zo da ƙafarsa. Ka rufe shagonka na kasuwa, ka sa kujera a ƙofar sito, kana zaune daga safe har la'asar. Ni ma ka ce in riƙa zuwa.

Cikin makon wata babbar mota ta tsaya. Wani mutum ya sauko da shadda mai kyau da jaka a hammata, ya miƙa maka rasit har na mutum huɗu, nawa a ciki. Ka ba shi wurin zama, ka sa aka kawo masa ruwa, sannan ka nuna ni ka ce, "Madalla. Ga ɗaya daga masu kayan nan zaune, ku gaisa, ta gaya mana yadda kuka yi ciniki." Mutumin ya dube ni, ya ce bari ya kira direbansa. Ya zaga bayan motar, ba mu sake ganinsa ba. Direban kuwa bawan Allah ne da aka ɗauko haya a tasha, shi ma nan aka bar shi yana salati. Da ba ka zauna a ƙofar nan ba, da mu huɗu mun tashi a tutar babu. Duk inda na shiga ina faɗin wannan, kuma zan ci gaba da faɗi.

To, ranka ya daɗe, ga inda kukana yake.

Na ɗaya. Kwamiti ya zauna ya yanke cewa kada a sanar da abin da ya faru, wai idan masu saye na nesa suka ji za su tsorata su daina aiko da tayi. Aka kira mu huɗun aka roƙe mu mu yi shiru. Na yi shiru saboda girmanka. Yau ina ganin shirun nan 'yan damfara kaɗai ya amfana. Mafi yawan 'yan ƙungiya a ƙauye suke, wasu ma sai an karanta musu wasiƙa, kuma har yanzu ba su san akwai masu buga takarda da sunanka ba.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai. Kafin ka karɓi makulli, an riga an fitar da kayan Baba Ayuba na Manchok, buhu tara, duk abin da ya noma. Tsoho ne da idonsa ya yi rauni, fastonsu ne ya karanta masa takardar, su biyun suka yi murna. Da ya zo neman bayani ba ka nan, ka tafi Kaduna bin sawun akwatin da aka riga aka rufe. Wanda ya tarar a ofis ya ce masa doka doka ce, tunda ya sa hannu ƙungiya ba ruwanta. Na tarar da shi a bakin titi yana jiran mota, hularsa a hannu. Ya ce mini, "Yarinya, ni ban san Kaduna ba. Alhaji na sani. An ce Alhaji ya ce in aika, na aika." Tun ranar bai sake taka sito ba. Na ji bana ya koma sayar wa 'yan baranda a bakin hanya, abin da ka yi shekaru kana raba mu da shi. Ban yarda ka san an ba shi wannan amsa ba. Idan ka sani, to, ba irin aikinka ba ne.

Na uku. Sunayenmu da lambobin akwatinmu suna nan manne a bangon ofis, ta waje, inda duk mai wucewa zai tsaya ya kwafa. Ban zargi kowa a cikinmu ba. Ɓarawon nan ba ya bukatar ɗan gida, bango ya ishe shi.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne, sun dawo. A makon da ya wuce wata sabuwar takarda ta iso mana, ni da maƙwabtana biyu. Wannan karon cewa ta yi, saboda damfarar da aka yi bara, ƙungiya na canja dukkan rasit, kowa ya sa hannu a tsohon ya aika don a ba shi sabo mai tsaro. Ka ga wayon? Abin da muka ɓoye wa 'yan'uwanmu, su sun ɗauka suna farauta da shi. Ni na gane, na hana maƙwabtana. Madam Nkechi ta bar shagonta ta bi gidajen waɗanda ta sani a cikin gari. Amma mu mata biyu ne, ba za mu kai kowane ƙauye ba. Dokarka ta cewa sai mai kaya ya zo da kansa ba a rubuta ta ba, kuma ba kullum kake ƙofar sito ba.

Don haka ina roƙonka waɗannan abubuwa. Ka tara 'yan ƙungiya ka gaya musu da bakinka abin da ya faru, ka aika a sanar a majami'u da masallatai da ranakun kasuwa, da Hausa da harsunanmu, cewa ƙungiya ba ta taɓa neman rasit ta gidan waya ba kuma ba za ta nema ba. A rubuta dokar zuwa da ƙafa ta zama ta dindindin. A cire takardar nan daga bango. Masu saye na nesa kuma a rubuta musu gaskiya. Ɗan kasuwar da ya ji cewa shugaba ya rufe shagonsa ya zauna gadin kayan talakawa, ban ga abin da zai sa ya gudu ba.

Sai maganar Baba Ayuba. Ban ce ƙungiya ta biya abin da ba ta ci ba. Amma idan ka tsaya ranar gwanjo ka ce kowa ya zuba mudu ɗaya daga buhunsa, na san mutanenmu, za su zuba fiye da haka. Ni na ware masa buhu guda, Madam Nkechi ta ɗauki nauyin motarsa. Na aika masa saƙo cewa ranar buɗe tayi mai zuwa zan je Manchok in ɗauko shi da kaina. Da farko ya ƙi, daga baya ya ce zai zo idan har zai ga Alhaji ido da ido. Na amsa masa cewa zai gan ka, ban kuwa tambaye ka ba kafin in amsa. Za mu zauna a bencin gaba.

Ubangiji ya tsare ka daga masu ɓata suna, ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya albarkaci kasuwarka da zuriyarka, ya saka maka kwanakin da ka yi a ƙofar sito dominmu. Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ka gafarta wa tsohuwa.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
Saratu Bulus, Madakiya.